Wa ya ce Arewa ba ta da waƙar gwagwarmaya?

Wani marubuci ya ce waƙar adawa da zalunci a Najeriya daga Fela ta faro, mawaƙan Arewa kuwa sai kirarin masu mulki. Haba malam! Babu mai musun abin da Fela ya sha: sojoji sun ƙone masa gidansa Kalakuta a Legas a 1977, suka wurgo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a 1978. Amma tun Fela yana ɗan makaranta, bayan kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano a 1950, irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin suke caccakar 'yan mulkin mallaka da zaluncin En'e, a zamanin da ɗan doka zai iya tasa ƙeyarka gaban alƙali saboda baiti ɗaya. Ɗan Maraya Jos fa? Da ɗan kuntiginsa ya tsaya wa karen mota, yaron da ke kwana ƙarƙashin tirela, direba na masa tsawa. A 2009 ma an tsare Aminu Ala a Kano kan waƙa. Kai kuma ɗan'uwa da kake cewa mawaƙan yanzu 'yan kwangila ne, na yarda da rabin maganarka, yawanci wanda ya biya kuɗin situdiyo shi ake wa amshi. To amma wanda ya yi waƙar tsadar masara da garkuwa da mutane, mu nawa muka taɓa sayen waƙarsa, ban da turawa kyauta a WhatsApp?