Daren da Muka Kwana a Kogin Isa

Laifin Facebook ne. Wani dare cikin Afrilu, an ɗauke wuta tun la'asar, zafi ya koro mu tsakar gida, sai na ci karo da bidiyon wani Nasara ɗan Faransa da iyalinsa, suna zaune cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Ba kuɗin haya, ba takardar wuta. Rana ta ba su lantarki, teku ya ba su kifi. Na ce to mu da Allah ya ajiye mana kogin Isa a tsakiyar Yamai, me muke jira?

Uwargida ta ce, "Maigida, zafin nan ya fara taɓa ka." Amma da na ce kan ruwa akwai sanyi, ita ta fara ɗaure kaya.

Wani tsohon Basarke a Harobanda ya ba ni hayar kwale-kwale, kwana uku jaka 15. Na kafa gora a tsakiya, na ɗaura mata zanen gadon aurenmu. Na ce Bubon muka nufa, mu ci kasuwar Laraba. Tsohon ya dubi zanen, ya dube ni.

"Ɗana, a wannan watan?"

Ya ce babban ruwa daga Gine yake tasowa, sai Disamba ko Janairu yake cika a nan, yanzu ƙanzo ne ya rage. Ya ce a 1985 ma ruwan tsayawa ya yi cak, da ƙafa aka riƙa ƙetarewa. Ni kuwa na ɗauka ƙarin kuɗi yake nema.

Muka loda katifa, tukunya, gawayi, faifan sola, batir da yara uku. Abin da bidiyon bai gaya mini ba shi ne, jirgin Nasara yana da wani ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashi da ke hana iska yin wasa da shi. Namu cikinsa shafe yake kamar faranti. Iska ɗaya ta taso, muka juya sau biyu, muka kafe a kan yashi, ga gadar Kennedy tana kallonmu.

Nan muka kwana, in kwana ne. Sauro ya yi walima. Can tsakar dare na ji abu yana huci, yana taka ruwa. Na san akwai dorina wajen Bubon, kuma dorina ba ta san wasa ba. Na rungumi autana da hannu ɗaya, ludayi a ɗayan, na karanta duk abin da na haddace har da wanda na manta.

Gari na wayewa, sai ga saniyar wani Bafulatani tana kiwo. Ruwan ko gwiwarta bai kai ba.

Babban ɗana ya nannaɗe wando, ya taka ya sayo ƙosai ya dawo, da zafinsa. Uwargida ta ɗora tukunya a ka, ta tasa yara gaba, ta waigo ta ce, "Kaftin, in ka isa Bubon ka gaishe su."

Kafin azahar surukata ta kira. Ɗaliban da ke wucewa kan gada sun ɗauke mu a waya, ta gani a Facebook. Ba lafiyar jikokinta ta tambaya ba. Zanen gadon ta gane, ita ta saya.