Su wane an kwana lahiya? Milwaukee dai ta ɗau kofi

Barkanmu da Sallah jama'a, Allah shi maimaita muna. Ina kuma miƙa barka ta musamman ga wani bawan Allah da tun asuba wayarshi ta shiga wani hali, kira ba ya shiga, saƙo ba ya isa, shi da kullum shi ka fara sallama a guruf tun kahin liman ya sallame. Halan naman layya ne ya yi mishi nauyi. Ban kira suna ba, ba kuma ni kira, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Milwaukee Bucks 105, Phoenix Suns 98. Na rubuta da lamba don masu ciwon ido su gani da kyau. Wasa na shida a fainal, inda wanda ya fara cin wasa huɗu ke ɗaukar kofi, kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na 2021 ya tahi Milwaukee, rabonsu da shi tun 1971 zamanin Kareem Abdul-Jabbar da Oscar Robertson, shekara 50 cur, wato lokacin da anka ɗau wancan kofin Sakkwato tana hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, ko jihar Sakkwato ba a yanka ba. Kuma Allah cikin ikonShi sai ya aje abin ga daren Babbar Sallah, an yi layya da rana, ƙarhe biyu na dare anka jefa ƙwallo sama, mata na can baya suna ta suya hayaƙi ya cika gida, ni ina zaune kan tabarma bakin zaure da waya jingine ga buta, hannu duk mai, ina goge sikirin da gefen riga, an ɗauke wuta, sauro na nashi aiki ban ko ji ba. Da anka busa tashi ban san sanda na kai ƙohwar gida ba takalmi ɗaya ga ƙahwa, maƙwabcina ya leƙo yana tambaya ko rago ne ya kwance, na ce mishi Alhaji ragunan duk an yanka, wannan wani rago ne daban anka kayar a Amurka.

To amma bari mu koma baya kaɗan, don akwai masu saurin mantuwa.

Sanda munka kama Bucks ba wanda ke son ta ko kyauta. Kakar 2013 zuwa 2014 wasa 15 kacal sunka ci, anka doke su 67, su ne kurar baya a duk NBA. Shekarar ce sunka ɗauko wani siririn yaro daga Girka a lamba ta 15 wurin zaɓen sabbin 'yan wasa, Giannis Antetokounmpo, yaron da iyayenshi sunka bar Legas sunka tahi Atina neman abinci, shi da yayanshi Thanasis suna tallan agogo da tabarau da jakunkuna bakin titi, ko takardar zama ɗan ƙasa bai da ita sai a 2013 ɗin. Ita ce kuma shekarar da Khris Middleton ya zo daga Detroit kamar gyara a ciniki. Waɗannan biyun sunka zauna, mu ma munka zauna. In na sa koriyar jesi na biyo ta Mabera zuwa filin Giginya sai wani mutum ya tsai da mashin ɗinshi musamman don ya yi dariya, wai wace ƙungiya ce mai tambarin barewa, wai ko ta 'yan farauta ce. A lokacin shi ɗan Miami ne na gani kashe ni, saboda shahararren ɗan wasa LeBron James na can.

Ku riƙe wannan, ɗan Miami. LeBron na barin Miami sai ga mutuminku da hular Golden State, wai ai tun yana yaro yake son Curry. Anka jima LeBron ya koma Lakers, sai ga rawaya da shuɗi-shuɗi har kan sitatus, wai jinin Lakers ne a jikinshi tun zamanin Kobe. A 2021 da manyan 'yan wasa Durant da Harden da Kyrie sunka haɗu a Brooklyn, wallahi sati bai cika ba ya sayo baƙar jesi a babbar kasuwa, leda ma bai cire ba ya ɗau hoto. Da anka fitar da Brooklyn kuma, cikin kwana kaɗan ya zama masoyin Chris Paul na Phoenix, har da wa'azi wai dattijo ya shekara 16 bai taɓa zuwa fainal ba ya kamata a tausaya mishi. Ni dai ban san akwatin da ke ɗaukar jesunan nan ba, amma ya kamata a yi mishi zakka.

Ba na cewa ba mu sha wuya ba, mun sha, kuma a gabanshi munka sha. 2019 muna gaba da Toronto biyu da babu a fainal ɗin Gabas, sai Kawhi Leonard da mutanenshi sunka gina katanga gaban kwando sunka ci huɗu a jere. 2020 a Orlando lokacin korona, Miami ta kore mu huɗu da ɗaya, alhali Giannis ne gwarzon ɗan wasa shekara biyu a jere. Ranar nan a teburin mai shayi mutumin nan har sayen shayi ya yi wa mutane, shi da ko ƙwai ɗaya sai an yi ciniki, yana cewa yaronku tsawo ne kawai da gudu, ba ya iya jifa daga nesa, in yana son kofi ya tattara ya bi manya. Sai yaron ya sa hannu a Disamban 2020 kan zai ƙara shekara biyar a Milwaukee, garin sanyi da manyan 'yan wasa ba su ko waiwaya. Mutumin ya ce ya kashe kanshi da kanshi. Ina da sikirinshot, ban goge ba, ba kuma ni gogewa.

2021 fa? Miami ɗin da ta kore mu a 2020, huɗu da babu munka share ta, ban ji ya ce uffan ba. Brooklyn ta ci biyun farko, na biyun ma da tazarar maki 39, ranar saƙon murya ya turo mai tsawon huɗuba, da dariya da tari da komi. Anka kai wasa na bakwai a gidansu, Durant ya zuba 48, ya yi wannan jifan na ƙarshe da kowa ya ɗauka maki uku ne an gama da mu, mutuminku har ya rubuta Allah ya jiƙan barewa ya tura, ashe babban yatsan Durant na kan layi, maki biyu ne, anka tahi ƙarin lokaci munka ci 115 da 111. Saƙon nan ya goge shi, amma guruf ya riga ya gani, akwai yara masu saurin hannu.

Sai gwiwar Giannis ta lanƙwashe baya a wasa na huɗu da Atlanta, wanda duk ya ga hoton nan ya san sai da cikinshi ya juya. Nan ne abin ya daina zama wasa a wurina, don mutum ya ga ɗan wani ya faɗi yana riƙe da ƙahwa shi kuma ya turo 'yan hotunan dariya, wannan ba adawa ba ce, wani abu ne daban da ke cikin zuciya. Middleton da Jrue Holiday sunka ƙarasa Atlanta ba shi. Mako guda bayan nan sai ga shi cikin fili a fainal.

Phoenix ta ci biyun farko, nan ma anka fara rabon goro. Daga nan ba su ƙara ganin nasara ba. Wasa na uku Giannis ya zuba 41. Na huɗu Middleton ya zuba 40, Giannis kuma ya yi wannan tsallen da ya doke ƙwallon Ayton na Phoenix a bakin kwando, na maimaita bidiyon har data ta ƙare ban gane yadda ya juyo ya kai wurin ba. Na biyar Holiday ya fizge ƙwallo daga hannun Booker saura daƙiƙu, maimakon ya riƙe ya ɓata lokaci sai ya cilla sama Giannis ya danna ta ciki. Na shida kuwa Giannis ya zuba maki 50, ya kamo ƙwallo 14, ya tare 5. Kuma abin da ya fi yi mini daɗi duk daren, jifan da ake ba mutum in an yi mishi ƙeta, wanda 'yan kallo ke ƙirga mishi ɗaya, biyu, uku har goma don su ruɗa shi, wanda wani a nan Sakkwato ya mai da shi waƙa yana ƙirgawa da yatsu duk sanda ya hange ni, 19 anka ba shi ya saka 17. Malam ƙirga mu ji. Ko yatsun sun gaji?

Yanzu na san abin da ke tahe, don na san hali. Zuwa jibi wayar za ta warke, za a fito da sabon zance, ai Giannis ɗan Najeriya ne, ai namu ne duka, ai har da Jordan Nwora a ƙungiyar wanda ke buga wa D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya, ai dama ni ban taɓa ƙin shi ba gyara nike mishi. Haka anka yi ran 10 ga Yulin 2021 da D'Tigers ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas, wanda ya ce za a ba mu tazarar 40 shi ya riga kowa ɗora tuta. Najeriya ta kowa ce, wannan ban hana ka ba. Amma koriyar jesi a'a. Mai shago a kasuwa na riga na yi magana da shi, ya ce in ka zo zai ce ta ƙare.

Masu cewa mi ya haɗa Basakkwace da wani gari a Wisconsin da bai taɓa zuwa ba, ku fara tambayar masu kuka saboda Arsenal tukuna, sannan ku zo gare ni.

Anjima da la'asar ina nan tahe teburin mai shayi da jesina, tsohuwar nan da lambar ta fara ɓarewa, shayi da burodi da ƙwai na kowa a kaina yau. Har da kai. Ka zo da wadda ka ga dama cikin biyar ɗin, kujerarka na nan ba wanda ya zauna.