Likitan fim kullum sai ya ce ba a ga komai ba

Shekaranjiya ina zaune wajen mai shayi a Gusau, samari sun duƙufa kan waya ɗaya suna kallon fim ɗin Hausa. An kai yarinya asibiti tana jijjiga, likita ya zare tabarau ya girgiza kai ya ce mun auna komai ba mu ga komai ba, ku je ku nemi na gida. Kafin ka ƙifta ido sai ga boka da jan ƙyalle da ƙwarya. Ba wanda ya ce uffan, don mun saba gani.

Ni kam abin ya tsaya mun a rai, saboda mu 'yan Zamfara mun san ciwon da ido bai gani. A 2010 yara suka dinga jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da 'Yargalma, sama da 400 suka rasu. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, wato MSF, suka ɗebi jini aka auna sannan aka gane gubar dalma ce. Dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ne ake kawowa cikin gida ana daka shi a turmi ana niƙawa, ƙurar ta bi tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. Maganin ma ai sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba yara ƙwayar da ke fitar da dalma daga jiki, ƙauyen Bagega kuma, da shi ma gubar ta shafa, sai 2013 aka share shi.

Za a ce fim nishaɗi ne ba aji ba, na yarda. Kuma addu'a tana nan, ba mai hana ta. Amma uwa a ƙauye da ta ga likitan fim ya gaza sau ɗari, ranar da ɗanta ya sanƙare wa kuke jin za ta fara nema? Wata maƙwabciyarmu kwana uku ta yi tana wa ɗanta turare wai iska ce, da aka kai shi asibiti ashe zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai.

Masu shirya fim, don Allah ko sau ɗaya ku nuna mana ma'aikacin ɗakin gwaji riƙe da kwalbar jini, ya fito ya zaunar da uban yaro ya gaya masa sunan ciwon da inda ya samo shi.