Maganin daji: lambar NAFDAC ba ta isa a sayar da gona ba

Masu fafutukar kare majinyata sukan nemi a hanzarta ba sababbin magungunan ciwon daji izini, kuma babu mai ganin laifinsu. Amma a ƙauyukan Kano da Jigawa, inda sai an sayar da shanun huɗa ko an jinginar da gona kafin a sayi allura, abin da ya fi kamata mu matsa a kai shi ne tabbacin cewa maganin yana aiki.

Amurka ta ɗanɗana kuɗar gaggawa. A 2008 hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da maganin Avastin don sankarar mama ta gajeriyar hanya. Da bincike ya nuna bai tsawaita rayuwar matan ba, ga hawan jini da zubar jini da yake jawowa, sai ta janye amincewar a 2011.

Tamu matsalar ta fi wannan kusa. Mai lasifika a kasuwar Wudil ko Maigatari zai ɗaga kwalba ya ce NAFDAC ta san da shi. A duba lambar. In ta ƙare da harafin L, an auna ne a ga ko ba ya cutarwa, ba a tabbatar yana warkarwa ba. Watannin da mace za ta ɓata tana shan wannan, a cikinsu ƙullutun da ake iya cirewa yake bazuwa.

Ko maganin gaske ma yana da sharaɗi. A sankarar mama, allurar Trastuzumab ba ta amfani sai ga mai alamar HER2 (wani furotin a jikin ƙwayoyin cutar), wato kusan ɗaya cikin biyar. Dole a yanki tsoka a auna tukuna, a kuma duba zuciya, domin yana iya raunana ta. Yawanci duk mako uku ake yin allurar, har shekara guda. Ajiyarsa cikin sanyi ce, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya saya a Kano ya saka a leda ya hau motar Haɗeja cikin zafin Afrilu ya jefa kuɗinsa cikin kasada, alhali lambar kwalin tana nan daram.

A nan doka take shigowa. Dokar inshorar lafiya ta NHIA ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu, akwai kuma asusun tallafa wa masu daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 da asibitoci shida, mafi kusa da mu a cikinsu a lokacin su ne na Zariya da Gombe. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da manomi.

Majalisun dokoki na Kano da Dutse za su iya tilasta wa hukumomin inshorar lafiya na jihohin biyu, KSCHMA da JICHMA, biyan kuɗin gwajin tsoka da na HER2, su kuma hana tallar warkar da daji a rediyo da kasuwanni. Sai dai ɗan majalisa ba ya motsi da kuka. Ranar sauraron ra'ayin jama'a, iyalan majinyata su je a ƙungiyance, da rubutacciyar buƙata, da rasitai, da takardun gwaji, su nemi a sa sunan kowane gwaji cikin dokar.