Malamin hailait, bismillah ga amsarka

Wallahi na so in yi shiru. Tun jiya da dare nake ba zuciyata haƙuri, na ce bari kawai, amma har na yi sallar asuba maganar ba ta fita raina ba. Wai a gaban mutane, a majalisar da kowa ya san yadda aka faro ta, wani ya gyara zama ya ce "ai wasu kwalliya kawai suke bi, ba su san kurket ba, shi ya sa suke mutuwar son Lara." Aka yi dariya. Ban tanka ba saboda akwai manya a wurin. Toh yanzu ga ni, kuma ban kira sunan kowa ba, wanda ya tsargu da shi ake.

Mutumin da yake kallon wasan Test, wato wasan kurket na kwana biyar, cikin minti biyar a hailait shi ne zai auna min Brian Lara, gwanin bugu na West Indies, ƙungiyar ƙasashen Karebiyan? Malamin hailait, da ya buɗe waya ya karanto lamba shi ke nan ya zama masani. Sachin Tendulkar na Indiya maki 15,921, Lara 11,953, wai magana ta ƙare. Toh wa ya musa? Lambar nan ɗan firamare ma zai karanto ta. Abin da ba a faɗa ba shi ne Sachin wasa 200 ya buga, Lara 131, kuma ba a faɗi ƙungiyar da kowannensu ya tsinci kansa a ciki ba. Sachin in ya waiwaya cikin abokan bugunsa ga Dravid, ga Laxman, ga Ganguly, daga baya ga Sehwag. Lara fa, a yawancin shekarunsa na ƙarshe in ya waiwaya sai Chanderpaul kawai, West Indies ɗin da duniya ke tsoro ta riga ta fara zubewa a hannunsa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Je ka nemo 1999 in kana da juriyar zama. Su Lara sun dawo daga Afirka ta Kudu an lallasa su 5 da babu, Ostireliya ta zo ta fitar da su duka a maki 51 a Trinidad, garinsu Lara, ana ta kiran a tsige shi daga kyaftin. Sai ya buga 213 a Jamaica. Sai Barbados, su Lara na neman maki 308 don su ci wasan, mutum biyar sun fita a kan 105, ga masu jifan Ostireliya, McGrath da Gillespie da Warne da MacGill, mutumin nan ya tsaya ya buga 153 ba a fitar da shi ba, har sai da ya rage shi da Courtney Walsh, wanda kowa ya san jifa ce sana'arsa ba bugu ba, suka ci wasan da wiket ɗaya tak, wato saura a fitar da mutum ɗaya su faɗi. Wannan ce kwalliyar? Dan Allah a ce min wannan ce kwalliyar.

Ni na Siri Lanka na 2001 ne ma ba ya barin raina, don lokacin ina karatu a Indiya, a ɗakin talabijin na hostel na kalle shi, benci ya cika har muna zama a ƙasa. Muralitharan, gwanin jifan Siri Lanka, yana murza ƙwallo a gidansu, manyan masu bugu suna lalube kamar an kashe musu fitila, shi kuwa Lara sai ya ɗaga bat ɗin nan, wato sandar bugu, sama can har ya wuce kansa, ya ɗan durƙusa, ka ce ai ƙwallon za ta wuce kafin ya sauko da shi, sai kawai ka ga ƙafa ta motsa, wuyan hannu ya juya, ƙwallo ta ratsa tsakanin mutum biyu ta tafi. Maki 688 a wasa uku, kuma duk ukun aka ci su. Shi kaɗai yana ɗauke da kaya sauran suna faɗuwa. Wani ɗan Indiya da ke kusa da ni, wanda hoton Sachin ne manne a ƙofar ɗakinsa, ya dafa kafaɗata yana girgiza kai. Shi bai ji kunyar yaba abin da idonsa ya gani ba.

Amma malamin hailait ya ce wai maki 400 da Lara ya buga a wasansu da Ingila a 2004 son kai ne tunda canjaras aka tashi. Wannan ma ba daga kansa ta fito ba, tsintowa ya yi, an daɗe ana faɗinta. Ingila ta riga ta ci wasa uku a jere, saura ɗaya ta share su tas a gidansu, mutum ya tsaya a Antigua ya hana, a filin da ya buga 375 shekara goma kafin nan, ya ƙwato tarihinsa daga hannun Hayden na Ostireliya da ya buga 380 'yan watanni baya. Har yau babu wanda ya kai 400 a wasan Test. In ana so a ce ya daɗe bai sallama bugun ya ba Ingila fili ba, a faɗa, magana ce da za a iya zama a tattauna. Amma a ce min son kai, daga bakin wanda ko yini ɗaya bai taɓa kallo daga farko zuwa ƙarshe ba, a'a.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake nuna kamar ni maƙiyin Sachin ne. Ni? Ni da na tashi da asuba cikin sanyin Janairun 2004, da ɗan kofin shayi a hannu, na kalli 241 ɗinsa na Sydney. Kafin wasan nan sai ta waje ake ta kama shi, ya miƙa bat ƙwallo ta goga a cafke. Sai mutumin nan ya haramta wa kansa koba-dirayib, wato bugun ƙwallon da aka jefo ta waje, bugun da ya fi kowanne kyau a hannunsa, sama da awa goma yana tsaye, ana jefo masa ta wajen ana lallaɓarsa, yana ɗaga hannu yana barinta ta wuce. Wannan ba ya fitowa a hailait, don hailait bugu yake nunawa, ba ya nuna ƙwallon da aka ƙyale. Sachin kansa a tsaye yake cak, bat ya sauko a miƙe, komai a kan ƙa'ida, in yaro za ka koya wa wasa shi za ka nuna masa. Lara ba a koyar da nasa, baiwa ce. Na fi son Lara, eh, kuma ba zan nemi afuwar kowa a kan haka ba, amma ban taɓa rage wa Sachin ko ƙwayar zarra ba.

Kuma in lamba ce kaɗai addininka me ya sa ba ka tsaya a kan Bradman na Ostireliya da matsakaicin makinsa 99.94 ka huta ba? Me ya sa ba ka kiran Kallis na Afirka ta Kudu mai maki 13,289, ga masu bugu 292 da ya fitar da jifarsa a kai? Saboda ba lambar ce ta dame ka ba, ni kake nema.

Mun dai san halin. A 2018 da Kohli na Indiya ya buga 593 a Ingila babu wanda ya isa ya yi numfashi, hotonsa ne a ko'ina. Da abubuwa suka juya masa, daga ƙarshen 2019 har zuwa Maris 2023 bai kai maki ɗari ba ko sau ɗaya a Test, wa ya fara cewa dama can zuzuta shi ake? Kai ne. Haka kake wa 'yan wasa, haka kake wa mutane.

A falona ka fara ganin wasan Test da idonka, lokacin Ashes na 2019, wato karawar Ingila da Ostireliya, kana tambayata me ya sa Steve Smith yake ta rawar jiki yana tafiya gaban wiket, sandunan nan uku da mai bugu ke karewa, kamar wanda cinnaka ya shiga wa riga, na zaunar da kai na ce bar kallon rawar, kalli inda kansa yake lokacin da ƙwallo ta iso, shi ya sa ya tara 774. Ni na koya maka mene ne oba, wato jifa shida a jere. Ni na zana maka filin a bayan kwalin sabulu, na nuna maka inda kowa ke tsayawa. Matata ta dafa maka abinci ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ban taɓa gorantawa ba sai yau, kuma kai ka ja. Ka rasa wanda za ka yi wa dariya a gaban mutane sai ni, malamin hailait?

Ranar Asabar ina majalisa in sha Allahu. Ka ajiye wayar a aljihu, a zaɓi wasa ɗaya na Lara ko na Sachin, kowa ya faɗi yadda aka yi tun daga ranar farko. Kuma in za ka taho ka riƙo min bat ɗina da ka ara tun bara, da safar hannun, ina buƙatar kayana.