Na sayi akwatin kallo bebe, ni kuma ga ni makaho

Sati uku kenan da na shiga babbar kasuwar Katsina na sayo irin akwatin nan da ake jona wa talabijin a kalli abubuwa ta intanet, har yau ban kunna shi da hannuna na saurari abin da nake so ba ko sau ɗaya. Tun ina firamare idona ya tafi, amma rubutun nan da kuke karantawa ni na buga shi da kaina a waya, TalkBack ke faɗa min duk harafin da na taɓa. To don Allah in wayar aljihu za ta yi magana mi zai hana akwati?

Sau biyu fa na tambayi mai shagon, na ce Alhaji yana karanta abin da ke kan allo da murya? Ya ce Malam ai Android ne, duk abin da wayarka ke yi yana yi. Na ƙirga kuɗi na ba shi. Muka zo gida aka jona, shiru kamar an shiga maƙabarta. Ɗan yayana ya bi saitin kaf babu TalkBack babu dalilinsa, sai da ya ɗauko shi a filashi ya sa da ƙyar, ya fara magana na yi ta murna, ina shiga manhajar finafinai sai ya koma cewa botin, botin, botin, wato maɓalli, wane botin? na kunnawa ko na biyan kuɗi? oho. Ga rimot ɗin maɓallansa duk sumul girmansu ɗaya, ka laluba har ka gaji ba ka gane na komawa baya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba wai fasahar ce babu ba. Fire TV na Amazon yana da VoiceView, ka danne maɓallin baya da na menu tare na daƙiƙa 2 ya fara magana. A akwatin Roku maɓallin tauraro za ka danna sau 4. Apple TV yana da VoiceOver, irin wanda ke cikin iPhone tun 2009, kodayake kuɗinsa sai dai in ji a labari. Amma mu abin da ake jibgo mana a kwali shi ne marar suna marar baki.

Yanzu in ina son tafsiri ko ƙwallo sai na kira ɗiyata mai shekara 7 ta bar wasanta ta zo ta karanto min allo tana haɗa baƙi, in ta yi barci bayan isha'i shi kenan na haƙura, don uwarta ta wuni tana aiki ba zan tashe ta saboda rimot ba. Magidanci guda a gidansa da kuɗinsa!

Ko an kunna min fim ɗin ma wata wahalar ce, a yi ta kiɗa ba magana sai kawai ka ji mace ta fasa kuka, wa ya shigo? mi ya faru? Netflix tun 2015 suka fara sa muryar da ke bayyana abin da ke faruwa a hoto, ni dai ban taɓa cin karo da ita a fim ɗin Hausa ba.

Jiya na hau a-daidaita daga Ƙofar Ƙaura na maida wa mai shagon kayansa. Budar bakinsa sai cewa ya yi, to Malam kai da ba ka gani mi za ka yi da talabijin? Wallahi sai da jikina ya yi rawa. Na ce Alhaji lokacin da kake karɓar kuɗina ba ka ga sandata ba? Ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa. Ga shi nan cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado, na koma wa tsohuwar rediyona.