Faifan da aka naɗa a yini ɗaya

Jama'a, akwai wani labari da masu son kiɗan Turawa ba sa gajiya da maimaitawa: The Beatles sun naɗi faifansu na farko, Please Please Me, a yini ɗaya tal. Ana kawo shi ne don a jinjina wa baiwa, daga nan a juya kan mawaƙan yanzu a ce ga su nan suna wata uku kan waƙa guda. Labarin ba ƙarya ba ne. Fassarar da ake yi masa ce ba ta kwanta mini ba.

Ranar Litinin 11 ga Fabrairu 1963 samari huɗu 'yan Liverpool suka shiga situdiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan da misalin ƙarfe goma na safe, ba su tashi ba sai bayan goma na dare. Babbansu shekararsa 22, ƙaraminsu George Harrison bai cika 20 ba. Waƙoƙi 14 ne a faifan, amma huɗu an riga an naɗe su tun 1962, don haka goma aka samu a ranar. Sun ma gwada ta goma sha ɗaya, Hold Me Tight, aka ajiye ta gefe.

To me ya kawo gaggawar? Kasuwa ce, da rowar kamfani. Waƙarsu ta biyu, wadda ita ma sunanta Please Please Me, ta fito a Janairu tana ta haurawa a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, kuma a lokacin ba wanda ke tsammanin irin waɗannan yaran za su wuce shekara ana yayinsu. Hikimar ita ce a ci kasuwa tun ba ta watse ba. Su kuma suna tsakiyar zagayen wasanni, suna buɗe wa wata yarinya mai suna Helen Shapiro fage, sai aka tsinto musu rana ɗaya. Kuɗin aikin duka kusan fam 400 ne. Kwantiragin da suka sa wa hannu kuwa kwabo ɗaya ya ba su a kan kowane ƙaramin faifai da aka sayar, su raba. Wanda ya ga an yi haka ya ce an girmama fasaha, gaskiya ban san abin da yake kallo ba.

Abin da ya hana gaggawar nan zama abin kunya ya faru ne tun kafin ranar. Daga Agustan 1960 suka fara zuwa Hamburg a Jamus, suna kiɗa a gidajen rawa na unguwar Reeperbahn, gaban ma'aikatan jirgin ruwa da 'yan maye, awoyi a jere kowane dare. Farkon zuwansu a bayan allon wani gidan silima suke kwana, dab da banɗaki. Harrison ma sai da hukuma ta tasa ƙeyarsa gida saboda shekarunsa 17. Da suka dawo Liverpool, sai gidan Cavern, wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai zafi da gumi, inda suka yi wasa kusan sau 300. Wanda ya rera waƙa ɗaya sau ɗari gaban mutanen da ba sa jin kunyar yi masa ihu, ba ya buƙatar a ce masa sake. Shi ya sa furodusansu George Martin ya fara tunanin a je Cavern ɗin a naɗa kai tsaye, da abin bai yiwu ba ya ce su buga masa abin da suke bugawa a fage.

Kuma kada a manta, waɗannan yaran ne kamfanin Decca ya saurara ranar 1 ga Janairu 1962 ya ce bai so. Ana yawan yi wa Decca dariya, amma wanda ya ji abin da suka rera ranar zai rage dariyar. A tsorace suke, murya na rawa. Shekara guda da 'yan makonni ne tsakanin wannan rana da ta Abbey Road, a cikinta suka sauya makaɗin ganga, Ringo Starr ya maye gurbin Pete Best, suka kuma samu wanda ya iya saurare.

A nan ne nake ganin ba a ba Martin haƙƙinsa. Ya kawo musu waƙar wani, How Do You Do It, ya ce ita za ta fitar da su. Suka naɗa ba da son ransu ba, suka nace tasu suke so. Wani babba da sai ya ce ku wa? Shi ya janye, kuma ba don bai san aikinsa ba, domin wata ƙungiyar mawaƙa, Gerry and the Pacemakers, ta ɗauki waƙar ta kai lamba ɗaya. Ita kanta waƙar Please Please Me da ɗaya daga cikinsu, John Lennon, ya fara kawo ta a hankali take tafiya, Martin ne ya ce a ƙara mata sauri.

Sai maganar Twist and Shout, wadda kowa ke ambata. Lennon, wanda ya rera ta, da mura ya shigo ranar, ya yini yana tsotsar alewar tari yana kurɓar madara. Martin ya bar waƙar sai ƙarshe don ya san in aka fara da ita babu sauran murya. Aka naɗa sau ɗaya, aka gwada na biyu maƙogwaro ya ce bai san zancen ba. Na farkon ne duniya ke ji har yau. In ka kasa kunne za ka ji muryar na tsagewa kamar ana yaga sabon yadi. Ina son ta, ba na musu. Amma shi mai muryar ya faɗa daga baya cewa ya daɗe yana jin ciwo in zai haɗiyi abu, kuma ya jima yana jin kunyar yadda ya rera ta. Abin da muke tafa wa, shi wahala ya sha.

Kuma a faɗi gaskiya, ba duka faifan ne ya yi armashi ba. I Saw Her Standing There tana nan da ranta, amma akwai biyu ko uku da kana ji ka san cike gurbi ne. Su kansu ba su ɗauki sauri a matsayin abin alfahari ba. Da suka samu ikon faɗa a ji, watanni suka kwashe a wannan situdiyon kan faifansu Sgt. Pepper na 1967, ba mai iya ce musu lokaci ya ƙure.

Faifan ya fito ranar 22 ga Maris 1963 ƙarƙashin Parlophone, wani reshe na EMI a lokacin, da hoton su huɗu suna leƙowa daga benen ofishin EMI. Ya yi mako 30 a saman jadawalin Birtaniya, kuma wanda ya sauke shi faifansu na biyu ne, With the Beatles. A Amurka kuwa, kamfanin Capitol, wanda a lokacin mallakin EMI ɗin ne, ƙin fitar da shi ya yi, sai wani ƙaramin kamfani na Chicago mai suna Vee-Jay ya ɗauka.